Kafin 'Yan Gwangwan Su Yanka Sauran Tantan Ɗinmu

Yau ba maganar rigakafin Gumboro ko canjin ruwan tarwaɗa na zo da ita ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, don maganar ta shafi aljihunmu kai tsaye.

Kwanakin baya ina tsaye bakin titi a Kankia ina jiran motar da za ta sauke mini kayan haɗin abincin kaji, sai ga wata babbar mota ta wuce ta nufi Kano, shaƙe da ƙarafa. A can sama na hango abin da ya tsaya mini a rai: tarakta ce ja, an yanka ta gida uku da wutar walda, inji gefe guda, giya gefe guda, rim ɗin baya a kife. Wani da ke kusa da ni ya ce, "Ai wannan ta gama yayi, gara a sayar da ita a kilo." Ban tanka masa ba, amma har na isa gona ina lissafi a raina. Ƙarfen da ya isa ya noma hekta goma sha ya tafi a narkar da shi a yi rodi, mu kuma ga mu nan muna kukan tsadar masara.

Ra'ayina shi ne: tsofaffin taraktocin da ke yashe a ƙauyukanmu, waɗanda muke ce wa tantan, jari ne, kuma masu kiwon kaji da kifi su ne suka fi kowa dalilin tayar da su. Ba kowacce za ta tashi ba, kuma ba kowa ya kamata ya saya ba. Zan faɗi dalili, zan kuma faɗi inda ni kaina na ƙone hannu.

ME YA HAƊA MAI KAJI DA TARAKTA?

Mu yi lissafin da kowa a nan ya sani. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. In kana da leyas 1,000, kullum sai kusan buhu 5 na kilo 25 ya tafi. Rabin wannan abinci ko fiye hatsi ne, masara ko dawa. Ka ce kilo 60 a rana. A shekara ya kusa tan 22, wato buhu 220 na kilo 100. In Allah ya ba ka tan 2 a kowace hekta, hekta 11 kenan kajinka ke cinyewa duk shekara, ban da waken suya, ban da ƙuli. Mai kifi ma haka: kafin tarwaɗa ta ba ka kilo ɗaya sai ta ci kilo ɗaya da ɗoriya na abinci.

To ashe duk mai kaji manomi ne, ko ya noma da kansa ko ya biya wani ya noma masa, ya kuma biya dillali da ɗan kasuwa da mai ɓoyewa a sito ribarsu. Duk wanda ya yi kiwo daga 2023 zuwa 2024 ya ga yadda kuɗin masara ya rufe gonakin kaji da yawa. Ba cuta ce ta kashe su ba, buhu ne.

Na san a Kankia da Kusada ƙasarmu jigawa ce, ba mu kai Funtua da Bakori da Dandume ruwan sama ba, don haka ba mu kai su masara ba. Amma muna da dawa, kuma kaura da farfara suna shiga abincin kaji sosai a madadin wani kaso na masara. Muna da gyaɗa, muna da wake, waken suya ma yana yi a wuraren da ke riƙe laima, ga irin masara mai saurin nuna da cibiyar IAR ta Samaru ta fitar. Abin da ke karya mu lokaci ne. Daminarmu gajera ce. In ruwa ya sauka ka yi sati biyu kana bin mai tarakta yana ce maka gobe, jibi, to ka riga ka yi asarar wani kaso na amfaninka tun kafin ka zuba iri.

DAGA INA SUKA ZO, ME YA KASHE SU?

Yawancin waɗannan taraktoci sun shigo ne zamanin da gwamnati ke da kuɗin mai a hannu. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya. A 1976 aka ƙaddamar da Operation Feed the Nation, a 1980 kuma gwamnatin Shagari ta zo da Green Revolution. A wancan zamanin a nan arewa ake haɗa tarakta: Steyr a Bauchi, Fiat a kamfanin NTM na Kano. Ga kuma Massey Ferguson da Ford da ake shigowa da su. Daga baya, bayan an ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, an ci gaba da sayowa ana rabawa, wasu na haya, wasu bashi ga manoma.

Ka tambayi duk tsohon direban tarakta abin da ya kashe su, da wuya ya ce maka tsufa. Abu uku zai lissafa. Na farko ƙura: iskar hunturu ta shiga inji saboda ba a wanke matatar iska, sai ta cinye ringi kamar sanfefa. Na biyu gurɓataccen gas, mai ruwa ko datti, wanda ke kashe injekta. Na uku, wanda ya fi duka, zama. Tarakta ta yi aiki sati shida a farkon damina, sai a ajiye ta ƙarƙashin bedi wata goma. Ruwa ya shiga ta salansa, fistin ya kama, taya ta tsattsage a rana, wani ya ari batir bai dawo da shi ba, wani ya kwance kik "na kwana biyu". Shekara uku sai ka tarar kaji na ƙwai a kan kujerar.

A nan ne maganata take. Manomin damina aikin sati shida yake da shi. Mai kaji da mai kifi aikin wata goma sha biyu ne da su. Mu ne ke da kashin kaji da za a kai gona, mu ne ke ɗauko ɓuntun shinkafa da diddigar katako, mu ne ke niƙa duk sati, mu ne ke sayen hatsi da kaka mu ɗauko shi daga ƙauye, mu ne ke jigilar ruwa da bulo da yashi. Cutar da ke kashe tarakta, maganinta yana hannunmu.

YADDA TAMU TA KASANCE

Mu huɗu muka haɗa kuɗi: biyu masu leyas, ɗaya mai kifi, ɗaya manomi zalla. Muka samu wata Massey Ferguson 165 a wani ƙauye tsakanin Kankia da Kusada. Irin wannan daga 1964 zuwa 1975 aka ƙera ta, kun ga ta girme ni nesa ba kusa ba. Injin Perkins ne da ita mai silinda 4. Mai ita ya rasu, tana cikin kayan gado, kuma 'yan gwangwan sun riga sun taya. Abu ɗaya da muka yi daidai tun farko shi ne ba mu ba kowa ko kwabo ba sai da magada duka suka zauna gaban mai unguwa aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu.

Daga nan sai kurakurai suka fara. Ni da na karanta harkar kasuwancin noma, ina ji da takardata, ni na fara kawo shawarar a yi mata fenti, wai don masu haya su yarda da ita. Akwai wani dattijo da ya tuƙa tarakta tun ban zo duniya ba, muna ce masa Baba. Ya zo ya zagaya ta tana ƙyalli, ya buɗe wajen baƙin mai ya shinshina, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, fenti ba ya huɗa." Na ce, "Baba, ai a hankali za mu zo kan injin." Ya ce, "To Allah ya kai mu." Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya.

Kuskure na biyu, da aka sauke inji muka je sayen ringi da sauran kaya, aka nuna mana iri biyu, muka ɗauki mai araha. Araha ba ta ado. Ta tashi, muka yi murna, aka ɗauki hotuna. Ba ta yi wata guda tana aiki ba ta fara shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai kamar shayi. Aka sake sauke inji a tsakiyar watan Yuni, lokacin da kowa ke huɗa. Mutanen da muka karɓi kuɗinsu sai da muka bi su gida-gida muna mayarwa muna ba da haƙuri. Daminar farko haka ta wuce mu.

Kuskure na uku, ba mu sa tayoyin baya a lissafi ba. Muna ganin in an buga iska za su yi. Ba su yi ba. Kuɗin tayoyin nan biyu ya kusa kama kuɗin da muka sayi taraktar kanta. A nan ɗaya daga cikinmu ya ce ya gaji, a ba shi kuɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai da na sayar da wani rukunin kajina tun ba su gama ƙwai ba na sayi kasonsa. A gida har an fara ce mini mai auren tsohuwa.

Bana shekararta ta uku a hannunmu. Daga Maris zuwa Mayu tana kwasar kashin kaji zuwa gonaki, namu da na masu saye. Da ruwa ya sauka sai haro da rija, namu farko, sannan na haya. Da kaka tana ɗauko hatsi, tana juya injin sussuka. Da rani tana jan tankin ruwa, tana ɗauko ɓuntu, kuma ranar da muka tara niƙa mai yawa tana juya babban injin niƙa ta sandar bayanta, wadda kanikawa ke ce wa PTO, mai juyi 540 a minti. Ba mu zama masu kuɗi ba. Amma shekara biyu kenan muna shuka a kan lokaci, kuma wani kaso mai kyau na hatsin da kajina ke ci daga gonarmu ya fito, da takin kajin aka noma shi. Ranar da farashi ya tashi a Dawanau, ba na kwana da ciwon kai kamar da.

ABIN DA MASU SUKA ZA SU CE

Wani zai ce, me ya sa ba za a jira sababbi na gwamnati ba? Ba na adawa da sababbi, Allah ya kawo su da yawa. Amma mu tambayi kanmu: waɗannan da ke ruɓewa ƙarƙashin bedi, ba sababbi ba ne wata rana? In ba mu koyi riƙe tsohuwa ba, sabuwar ma nan da shekara biyar tana layin gwangwan. Kuma tsohuwar tana da wata falala: babu kwamfuta a jikinta. Bakaniken garinku da sufana da kunnensa zai gano ciwonta. A Amurka, inda ake da taraktocin da suka fi na kowa, manoma na rububin na shekarun 1970 da 1980 a wajen gwanjo saboda sababbin sai kamfani ya zo da kwamfutarsa kafin a gyara. Rigimar ta kai har jihar Colorado ta yi doka a 2023 don manomi ya samu damar gyara kayansa da kansa. A Ingila kuwa akwai masu tara tsofaffin taraktoci don sha'awa, irin su Ferguson TE20 da aka ƙera fiye da 500,000 tsakanin 1946 da 1956, suna gyara su suna fita baje koli da su. Su abin ado ne a wurinsu, mu da muke buƙatarsu don tuwo muna sayarwa a kilo.

Wani zai ce kayan gyara fa? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ke raba wadda za a saya da wadda za a bari. Dangin Massey Ferguson har yau ana ƙera su a Fakistan, kamfanin Millat, a Indiya ma kamfanin TAFE ya shafe shekaru da dama yana yin su, shi ya sa kayansu ba sa yankewa. A Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu sabo ko na hannu. Wadda aka daina yin kayanta kuwa, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani sau biyu, don za ka ƙare kana neman gawar wata don ka raya taka.

Wani zai ce garmar shanu ta ishe mu. Ga mai hekta ɗaya ko biyu, gaskiya ne, kuma a ƙasa mai yashi irin tamu garmar shanu ta fi tausaya wa gona. Ni kaina ba na ba da shawarar a riƙa zurfafa kaftu da tarakta a jigawa duk shekara, don ƙasar za ta saki, iska da ruwa su kwashe ta. Haro mara zurfi da rija sun wadatar, a kuma mayar wa gona taki. Sai dai kowa ya san yadda satar shanu ta sa mutane da yawa suka sayar da shanun huɗarsu. Ƙaramar tarakta ta hannu ma tana da wurinta, musamman a fadama da lambu, amma ba za ta ja tirela cike da taki ta ratsa yashi da ita ba.

Wani kuma zai ce gas ya yi tsada. Ƙwarai kuwa. Shi ya sa ba kowane aiki ake ba ta ba. Ka tayar da inji mai ƙarfin doki 60 don niƙa buhu biyu, wannan ɓarna ce, ƙaramin inji ya fi. Jan ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tafkin kifi, sola ta fi ta nesa. Tarakta ta aiki mai nauyi ce da aka tara wuri ɗaya. In kajinka 200 ne kuma kai kaɗai ne, don Allah kada ka saya, ka yi haya. In ku biyar ne ko shida, kuna da kaji dubbai a tsakaninku da gonakin da suka kai hekta 20 ko 30, to ku zauna ku yi lissafi.

IN ZA KU SAYA, GA ABIN DUBAWA

Takarda kafin ƙarfe. In ta gado ce, magada duka su sa hannu. In ta hukuma ce, sai da takardar gwanjo ta gaskiya. Duk wanda ya ce maka "kawo kuɗi kawai, ni zan san yadda zan yi," ka gudu, don ranar bincike kai za a kama da kaya a hannu.

Ku je da bakaniken tarakta, ba na mota ba, kuma ku biya shi kuɗin ranarsa don kada ya zama dillalin mai sayarwa. In tana tashi, ku je da sassafe inji na sanyi, ku taɓa shi da hannu ku tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba. Inji mai ciwo da safe yake tona kansa.

Ku zaro sandar baƙin mai. In ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa na shiga, ko gasket ne ko kuma bulok ya tsage. Gasket ƙaramin abu ne, tsagaggen bulok kuwa ku yi sallama ku tafi. Ku kalli hayaƙi: shuɗi baƙin mai take ƙonawa, baƙi gas ya yi yawa ko iska ta toshe, fari da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi ko nozul ne ko ruwa.

Ku rataya mata haro a baya ta ɗaga, ku kashe inji ku tsaya kallo. In ya sauko nan da nan, haidirolik na buƙatar aiki. Ku gwada kowace giya, ku gwada PTO, ku taka birkin dama da na hagu daban-daban. Sannan ku tambayi kuɗin tayoyin baya a kasuwa kafin ku yi tayi, ba bayan kun biya ba kamar mu.

Wajen gyara kuma a bi tsari: inji, sannan mai da ruwa da lagireto, sannan kuloci da birki da sitiyari, sannan haidirolik, sannan taya da wuta. Fenti shi ne auta. Kuma duk abin da kuka ƙiyasta za ku kashe, ku ajiye ƙarin rabinsa a gefe. Ku fara gyara da kaka, don ta yi aikin rani ta nuna halinta kafin ruwa ya sauka.

SAUYE-SAUYEN DA KE DA AMFANI, DA NA GANGANCI

Mun cire tsohuwar dainamo mun sa altaneta, batir ya daina mutuwa. Mun ƙara matatar gas mai raba ruwa, kuma ba ma zuba gas daga jarka kai tsaye sai ya kwana ya kwanta. Mun sa fitilu da abin ƙyalli a bayan tirela, don titin Kano zuwa Katsina da dare ba wurin wasa ba ne. Mun sa murfi a bakin salansa. Mun sa rumfa a kan direba. Abin da ya rage mana shi ne ƙarfen kariya na bayan kujera, wanda ke hana tarakta danne direba in ta kife. Shi ba aikin mai waldar bakin titi da bututun ruwa ba ne, sai ƙarfe mai kauri da aka ɗaure a kan gatarin baya, kuma sai da bel yake aiki.

Na ganganci kuwa su ne: barin sandar PTO tsirara babu murfi. Abin da ke juyi sau 9 a daƙiƙa ɗaya, in ya kama bakin riga ko rawani, kafin ka ce wayyo an gama. Duk mai aiki kusa da ita ya cire babbar riga. Ɗaure igiyar ja a sama da inda aka tanada, wannan yana sa ta ɗaga gaba ta kifo baya cikin ƙiftawar ido. Ɗora yara a kan madigadi, kujera ɗaya aka yi mata. Sai kuma sa ƙusa ko waya a madadin fin na gaskiya.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu kaji musamman. Taraktar da ke yawo daga wannan gona zuwa waccan tana kwasar taki, tana iya kwaso cuta a taya da tirela. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna muka san yadda take bin mota da takalmi da kiret. Dokarmu ita ce: tarakta ba ta matsawa kusa da ɗakin kaji, a bakin ƙofa ake loda mata, kuma ana wanke tayoyi da tirela da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ta shiga wata gona. In an ji labarin mace-mace a unguwa, kwasar taki ta tsaya. Kada a garin rage kuɗin abinci a rasa masu cin abincin.

ABIN DA YA FI INJI WUYAR GYARA

Baba ya taɓa ce mini tarakta mai iyaye da yawa marainiya ce. Gaskiya ya faɗa. Haɗin gwiwa shi ne ke sa a iya saye, shi ne kuma ke kashe ta in babu tsari. Mu abin da ya cece mu littafi ne. Direba ɗaya ne, babu "bari ƙanena ya ɗan ja ta". Kowace fita ana rubuta awa, gas, da kuɗin da aka karɓa. Ko ni na yi amfani da ita a gonata sai na biya kamar baƙo. Daga kowane aiki ana cire kason gyara a ajiye a asusu daban, ba a taɓa shi ko da biki ko suna. Layin huɗa kuma tun watan Afrilu ake jefa ƙuri'a, kada ruwa ya sauka a fara "ai ni na fi zuba kuɗi". Baƙin mai da filta ana canzawa da lissafin awa, ba sai ta fara kuka ba.

KIRA

Ga ƙananan hukumominmu da gwamnatin jiha: a ƙirga matattun taraktocin da ke hannun hukuma, a yi gwanjonsu a fili, a ba ƙungiyoyin manoma da masu kiwo dama kafin masu narkarwa. Wadda ba za ta tashi ba ma, kayan jikinta za su tayar da wasu biyu.

Ga makarantunmu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma: tsofaffin kanikawa da direbobin tarakta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da iliminsu a ka. A jawo su, a ba ɗalibai matacciyar tarakta su tayar a gabansu. Saurayin da ya iya gyaran injekta da haidirolik ba zai rasa abin yi ba a wannan yanki. Kuma ko guda ɗaya ce, a samu Steyr haɗin Bauchi ko Fiat haɗin Kano a gyara ta tsaf a adana, don yaranmu su gani da idonsu cewa an taɓa haɗa tarakta a ƙasar nan.

Ga mu kanmu: kowa ya san inda wata take kwance, a bayan gidan wani Alhaji, a tsohuwar ma'aikata, a bakin kasuwa. Kafin ka wuce ta gobe, ka tsaya ka leƙa. Ka tambayi mai ita, ka kira bakanike, ka kira abokanka huɗu. Mai yiwuwa lissafi ya nuna ba za ta yi ba, sai ka bar ta da zuciya ɗaya. Mai yiwuwa kuma ita ce hekta goman da kajinka ke jira. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun an duba.

Wanda ya taɓa gyara tsohuwar tarakta, ko ya ci riba ko ya sha kashi, ya faɗa mana yadda ta kaya, musamman masu Fiat da Steyr da Ford, don wasu su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dabbobinmu da gonakinmu, ya kawo mana zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya. Amin.